Asabar a Ganymede

Ban leƙa ko ƙofar gida ba sai bayan la'asar, kuma ba abin da ya riƙe ni illa Caliban's War, littafi na biyu a jerin ƙagaggun labaran sararin samaniya mai suna The Expanse. Ina idar da sallar asuba na ɗauki waya da niyyar in karanta babi ɗaya kafin a dama koko, sai ga koko ya huce a gabana.

Na farkon, Leviathan Wakes na 2011, ya burge ni ƙwarai, amma wannan da ya fito a 2012 ya fi shiga raina, kuma Prax ne sanadi. Ba soja ba ne, ba matuƙin kumbo ba ne. Masanin tsirrai ne da ya ƙarar da shekarunsa a kan waken soya a Ganymede, wata mafi girma cikin masu kewaya Jupita. A labarin, nan ne rumbun da ke ciyar da mutanen da suka yi nisa da Duniya. An kafa manyan madubai a sama suna tattaro hasken rana suna zubawa gonakin da aka rufe da rumfuna. Ran da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Duniya da na Mars, madubin ya faɗo ya ragargaza gonarsa, a ranar ce kuma aka sace 'yarsa Mei, 'yar shekara huɗu, wadda ba ta iya rayuwa sai da magani.

Wurin da na daɗe a kai shi ne inda ya tsaya yana duba ganyen shuke-shuken da aka dasa a bangon lunguna don su tsabtace iskar shaƙa. Yunwa ta cinye shi, ya rame, har yana tsinkar ganyen ado yana ci, amma idonsa na masani bai mutu ba. Ya gane an koma ba su tataccen ruwa zalla, babu sinadaran da suke buƙata, domin masu kula da su sun gudu ko sun mutu. Daga nan ya san garin ya riga ya mutu, mutanensa ne kawai ba su sani ba tukuna. A dajin Allah, in abu ɗaya ya lalace akwai dubu da za su toshe gurbinsa. A garin da ɗan Adam ya gina cikin ƙanƙara kuwa, hanyoyin kaɗan ne: shuka ta mutu, nauyi ya koma kan injin tace iska, shi ma ya gaji, ya ja na kusa da shi. Na maimaita shafin nan, na ajiye wayar na yi shiru. Ba harbi, ba dodo, amma ya fi duk yaƙe-yaƙen littafin ba ni tsoro.

Da azahar ƙanena ya shigo neman caja, ya leƙa abin da nake karantawa.

"Yaya, har yanzu kina kan tatsuniyar 'yan sama jannatin nan? Ai akwai fim ɗinsa, ki huta da wahala."

Na ce masa na sani, tun 2015 aka fara nuna shi, amma sai na gama da littafin. Na ba shi labarin Canterbury na littafin farko, kumbon da ke jigilar ƙanƙara daga zoben duniyar Saturn zuwa Ceres, wani ƙaton dutse a sararin samaniya da aka gina gari a cikinsa, domin mutane su samu ruwan sha. Ya ce, "Ashe 'yan garuwa ne." Wallahi ya faɗi daidai, kuma abin da ya sa nake son jerin ke nan: an damu da wanda ke kawo ruwa da wanda ke biyan kuɗin iska.

Bayan magariba na koma kan Bobbie Draper, sojar Mars mai tsawon sama da mita biyu, wadda ba ta tsoron kowa. Ta zo Duniya karon farko, ta fita daga gini, ta ga sama a buɗe ba rufi, sai numfashinta ya sarƙe. Duk rayuwarta a ƙarƙashin rumfa ta yi ta. Na tausaya mata sosai. Ita kuwa Avasarala, tsohuwa 'yar siyasar Duniya mai ɗaura sari irin na matan Indiya da cin fistashiyo, bakinta ba linzami. Ashar ɗinta ya yi mini yawa, amma basirarta ta sa ba na iya tsallake babinta.

Abin mamaki, mutum biyu ne suka rubuta, Daniel Abraham da Ty Franck, suka haɗu a suna ɗaya, James S. A. Corey. Littattafai tara ne, na ƙarshe ya fito a 2021, don haka da sauran tafiya a gabana. Ƙanena ya so ya gaya mini ko an ga Mei, na ce in ya kuskura ba shi ba cajata. Gobe akwai suna a gidan Gwaggo, daga can zan dawo in ƙarasa, in sha Allahu.