Kwana Bakwai Ina Ba Kankare Ruwa

Mu goma sha biyu muka sa kai don gina wa wata mata da 'ya'yanta uku gida mai ɗaki biyu. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe cokalin gini ba. Ni burina in ga ina jera bulo, amma ranar farko dattijon birkilan da ke jagorantarmu bai bar kowa ya taɓa bulo ba. Igiya ya ɗaura, ya auna ƙafa 3 a gefe guda, ƙafa 4 a ɗayan, ya ce sai tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 cif kafin kusurwa ta daidaita. Sau huɗu muna tuge turaku muna sake kafawa.

A wajen kwaɓin linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, na yi kuskure. Ma'aunin da ya ba mu shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Da hannuna ya gaji da juya shebur, sai na ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushi. Ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan ba zai shiga linta ba." Na ce, "Baba, ai zai bushe." Nan ya zaunar da ni. Ashe siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake da ruwa ya ƙanƙame. Ruwan da ya wuce kima kuwa, idan ya fita, ƙananan ramuka yake bari a ciki, ƙarfin ya ragu. An zubar da wannan kwaɓin, kuma na ji zafin asarar, domin da gudummawar mutane aka sayi simintin.

Bayan an zuba lintar, ni ya ɗora wa ba ta ruwa safe da yamma har kwana 7, ya ce sai wajen kwana 28 za ta kai ƙarfin da ake so. Aiki ne da ba mai ɗaukar hotonsa. A nan na san matar gidan, don kullum kafin in iso ta cika bokitai. Tsarin mai gida ya sa guminsa a gininsa, wanda ƙungiyar Habitat for Humanity da aka kafa a Amurka a 1976 ta shahara da shi, ina ganin daidai ne: matar ba ta taɓa tsayawa gefe kamar mai jiran sadaka ba, har ita ta sa aka matsar da taga don iska ta ratsa ɗakin yara.

Bulo shida kawai na jera a duk aikin, a bangon baya. Baba ya ɗora ma'auninsa a kai, ya cire ɗaya, ya bar biyar.