Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da Ya Ci Hantar Baba

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da muka dawo da Baba gida Yauri, cikinsa cike da ruwa, idanunsa sun yi rawaya. Tun kafin a shimfiɗa masa tabarma Gwaggo ta yanke hukunci cewa sammu ne, kuma kowa ya gane Inna take nufi, domin ita ce amarya kuma baƙuwa a dangi. Da aka kira wanzami ya yi masa tsaga a ciki, aka kuma jera kwanukan jiƙo a bakin gadonsa, Kawu Liman ne kaɗai ya ce, "Ku bi a hankali, kada garin neman gira a rasa ido." Babu wanda ya saurare shi.

Sai da na shiga jami'a a Sakkwato na fahimci cewa hantar Baba ita kanta abin da ta yi ke nan. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ta shekara da shekaru tana yi mata rauni, ita kuwa hanta duk lokacin da ta ji rauni sai ƙwayoyin halittarta su saki wasu furotin masu ba da umarnin girma da gyara. Babba a cikinsu shi ne TGF-beta, wanda Anita Roberts da Michael Sporn suka yi fice wajen bincikensa a Amurka tun farkon shekarun 1980. Akwai wasu ƙwayoyi a cikin hanta da aikinsu a lokacin lafiya shi ne ajiye bitamin A, amma da zarar wannan saƙo ya iske su sai su bar ajiyar su koma saƙa zaren kolajin, wanda shi ne ke zama tabo, wani furotin mai suna PDGF kuma ya sa su yawaita. Idan raunin na ɗan lokaci ne, tabon yakan ragu. Idan ya ƙi ƙarewa, saƙon ba ya tsayawa, tabo ya hau kan tabo har hanta ta taurare, jini ya kasa ratsa ta, ruwa ya taru a ciki. Wannan ruwan ne Gwaggo ta kira sammu, a gaban surukai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin TGF-beta game da sankara. Da farko shi ne yake hana ƙwayoyin da suka lalace hayayyafa. Amma idan ciwon ya yi nisa sai su daina jin wannan hani, su riƙa amfani da furotin ɗin wajen kwance abin da ya manne su da maƙwabtansu, su sauya siffa, su shiga jini su tafi huhu ko ƙashi. Wani likita mai bincike, Judah Folkman, ya bayyana a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita kaɗan sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, daga baya aka gano cewa furotin VEGF na kan gaba a wannan aiki. A 1986 wani likitan kuma, Harold Dvorak, ya siffanta sankara da raunin da ba ya warkewa, ranar da na karanta haka kuwa muryar Kawu Liman na ji, da maganarsa ta gira da ido.

Inna ta yi takaba a gidan da ake kauce wa abincinta. Ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba, ni ne dai har yau abin bai bar ni ba. Allurar rigakafin wannan cuta ta shiga jerin na jarirai a Nijeriya a 2004, lokacin dukanmu mun girma, shi ya sa da na fara aiki na tara 'yan gidanmu na kai su gwajin jini, har da 'ya'yan Gwaggo. An samu masu ɗauke da cutar, kuma yanzu ana duba hantarsu duk wata 6. Na kai wa Gwaggo takardun da hannuna, na yi mata bayani dalla-dalla, sai ta ce, "Kai yaro ne, boko ya ruɗe ka."

A mako mai zuwa zan kawo yadda aka raba gonakin fadama, da abin da aka bar wa Inna.