Jeff Wayne da abin da waƙar talla ta koya masa

Ni dai duk sanda naji ana cewa wai mai tsara kiɗa Jeff Wayne aiki ɗaya tak ya yi a rayuwarsa, wato faifan The War of the Worlds, sai raina ya sosu, saboda masu faɗin haka basu duba daga ina aikin ya fito ba.

A New York aka haife shi a 1943, babansa Jerry Wayne mawaƙi ne kuma ɗan wasan dandamali, shi ne ma ya ja iyalin zuwa Landan. Jeff ya rubuta kiɗan wasan Two Cities da aka nuna a Landan a 1969, daga nan kuma sai ya faɗa sana'ar da mutane da yawa ke rainawa, wato kiɗan tallace-tallace na talabijin, ya yi su ba adadi, har da kiɗan buɗe shirye-shirye. To a ganina nan ne makarantarsa ta gaskiya. Mai kiɗan talla daƙiƙu kaɗan ake bashi, dole a cikinsu ya dasa wani sauti a kan mai sauraro wanda zai bishi har kan gado, in bai iya ba gobe a kira wani. Wannan horon ba wasa bane. A 1973 kuma shi ya tsara wa mawaƙi David Essex waƙar Rock On.

Sai 1978 ya fitar da The War of the Worlds, faifai biyu, labarin H.G. Wells na 1898 kan halittun duniyar Mars da suka mamaye Ingila. Ɗan wasan kwaikwayo Richard Burton ne mai ba da labarin, kuma wallahi muryar nan tasa kaɗai ta isa ta tayar maka da tsigar jiki tun kafin goge ya shigo, ga mawaƙa irin su Justin Hayward, ga Phil Lynott a matsayin limamin coci da hankalinsa ya gushe, ga Julie Covington, ga David Essex a matsayin sojan nan mai mafarkin gina sabuwar duniya a ƙarƙashin ƙasa alhali ko ramin kirki bai haƙa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane abu yanada sautinsa, zafin makamin halittun daban, jan ciyawar da ta rufe ƙasa daban, ko ido a rufe kana ganin komai. Kuma fa Forever Autumn, waƙar cikin faifan da ke sa mutane hawaye, asalin karinta kiɗan tallan kayan wasan yara na Lego ne da ya yi tun 1969. Kun ga abin da nake nufi ai.

Faifan Spartacus da ya fitar a 1992 tare da Anthony Hopkins da Catherine Zeta-Jones bai karɓu ba, wannan gaskiya ne.

Amma bai bar babban aikinsa ya kwanta ba, a 2006 ya hau dandamali da shi, shi da kansa yake jagorantar makaɗa, ga ƙaton injin yaƙin halittun mai ƙafa uku a kan dandamali, a 2012 kuma ya sake naɗarsa da muryar Liam Neeson. Ni na fi son ta Burton nesa ba kusa ba, in zaku saurara ku fara da ita, daga farko har ƙarshe ba tsallake.