Lahadi, ni da tagwayen faifaina

Tun da safe raina bai kwanta ba. Jiya da dare na ji wata ƙara ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar da nake ajiye hotunan iyali da takardun aiki, sau biyu, sai ta yi shiru. Faifan ajiya biyu ne a cikinta, kowanne terabait 2, na haɗa su a tsarin RAID 1 da manhajar mdadm a Linux. Duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take a rubuta shi a ɗayan. Tagwaye nake ce musu.

Rufin asirin wannan tsari shi ke ba ni tsoro. Faifai ɗaya kan mutu murus, kwamfuta ta ci gaba da aiki kamar ba komai, ba za ka farga ba sai ranar da na biyun ya bi shi.

Na fara da /proc/mdstat, fayil ɗin da ke nuna halin da tagwayen suke ciki. Da idona ya sauka kan UU na yi ajiyar zuciya, don da U_ na gani, to ɗaya ya fita ke nan. Amma UU cewa kawai yake yi dukansu suna nan, bai ce lafiyarsu ƙalau ba. Sai na tambayi kowannensu da smartctl, manhajar duba lafiyar faifai. Na farko tas. Na biyun kuwa, a lamba 197 mai ƙirga guraben da suka ƙi karantuwa, na ga 8. Gabana ya faɗi.

Na rubuta umarnin check a cikin fayil ɗin sync_action don a karance su tun daga farko har ƙarshe. Kyawun abin, in aka ci karo da gurbin da ya ƙi, sai a ɗauko kwafinsa daga ɗan'uwan a sake rubutawa. Kusan awa biyar ina leƙawa ina komawa. Da ya gama, 197 ta koma sifili, amma lamba 5, ta guraben da faifai ya yi musanyarsu da sababbi, ta tashi daga sifili zuwa 8.

Ban yarda da faifai na biyun ba kuma. Rana ɗaya na saye su, gajiya ɗaya suka yi, kuma in na sa sabo, tsohon nan na farko ne zai sha karatun terabait 2 gaba ɗaya. Don haka kafin komai na kwashe hotunan zuwa wani faifai na waje.

Da dare na sa adireshina na imel a layin MAILADDR na mdadm.conf, fayil ɗin saitin mdadm, don a riƙa sanar da ni in faifai ya sami matsala, na tura saƙon gwaji. Ya shigo wayata ƙarfe goma da 'yan mintuna. Gobe zan nemo sabon faifai.