Laraba, 4 ga Satumba 2024

Ladan ya kira Assalatu da baki, don babu wuta tun dare. Da na isa masallacin unguwarmu ruwa ya kwanta a ciki har idon sawu, tabarmi duk sun jiƙe sharkaf. Malam ya ce a koma zauren Alhajin da ke makwabtaka da mu. Nan muka matsu, wasu a waje kan buhunan da aka shimfiɗa, goshi na taɓa laka. Ya yi alƙunutu muryarsa na rawa.

Da hantsi na taka zuwa Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, in gane wa idona. Tsohon masallacin nan na ƙasa, wanda aka gina zamanin Sarki Tanimun wajen 1850, jiya Talata ya zube. Na ga hotonsa a WhatsApp tun jiya, amma tsayawa a gabansa wani abu ne dabam. Tulin jar ƙasa, azara ta leƙo nan da can. Wani dattijo na gefe ya dogara da sanda, ba ya ce wa kowa komai, sai jan carbi. Shekara sama da 170 ginin nan yana shan damina, ta bana ce ta kayar da shi.

Abin da ya ɓata mini rai maganar wani matashi ce, wai fushin Allah ne ya sauka kan Damagaram. Wa ya aiko masa da wahayi? Ginin ƙasa in ruwa ya yi masa yawa, yaɓe ya yi laushi, gindi ya jiƙa, faɗuwa zai yi. Kuma talakan da ɗakinsa ya rufta a unguwar Garin Malam ba shi ya fi kowa zunubi ba.

Na biya wajen Inna da azahar. Katangar bayan gidan ta faɗi, ta danne tukwane da rabin buhun hatsi. Na same ta ta shanya abin da ya rage a kan zane, tana tsince tsakuwa tana Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

"Inna, ki taso mu koma wajena kafin ruwa ya ɗauke."

"Ɗan nan, bari in yi La'asar tukuna. Wanda ya ba mu katangar bai mutu ba."

Sai da ta idar, ta yi lazimi a natse kamar kullum, sannan ta yarda na ɗauki ƙullin kayanta a kabu-kabu.

Hadari ya sake haɗowa gabas da yamma liƙis, don haka Malam ya haɗa mana Magariba da Isha'i a zauren. Bayan sallama aka zagaya da hula don maƙwabcinmu mai 'ya'ya shida da ke kwana a aji a lakkol. Na sa jikka guda. Gobe da safe zan shiga kasuwar Dole neman leda mai kauri da za a rufe rufin ɗakin Inna.