Zauren makanikai na kuɗi: yadda muke tafiyar da namu a Kumasi

Kusan duk ƙaramar motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto abin da ke damun injin. Da yawa daga cikin motocin hannu da ake saukewa a tashar Tema irinsu ne, kuma in sun fara ciwo Suame Magazin, unguwar garejoji ta Kumasi, ake kawo mana su. Na'urar ta daina tsada. Akwai ƙaramar ELM327 da ake haɗawa da waya, yaron gareji ma in ya yi tari zai saya. Sai dai da Turanci da lambobi take magana, mu kuwa 'yan Aboabo da Asawase da Sawaba yawancinmu allo muka yi, sai ɗan abin da ba a rasa ba na boko. Mutum zai ga P0300 a fuskar waya ya tsaya yana kallonta, mai mota na tsaye a kansa.

Ni lantarkin mota nake gyarawa. Da farko zaure na kyauta na buɗe a WhatsApp, ina bayanin lambobin nan da Hausa cikin saƙon murya. Lokacin mutum 256 kawai zaure ke ɗauka, kuma nan da nan ya cika. Cikarsa ke da wuya ya zama dandali: barka da Juma'a, sanarwar suna, cigiyar akuya, gardamar jam'iyyun NDC da NPP. Mai tambayar gaske in ya saka tambayarsa da safe, kafin azahar ta nutse. Shi ya sa na ware wani zauren, na ce wannan sai da kuɗi. Na kyautan yana nan har gobe, don daga cikinsa ake samun masu shiga na kuɗin. Ban taɓa biyan tallar Facebook ba.

Abin da na fara sayarwa darussan bidiyo ne. Nakan kafa waya a kan tsohon batir in ɗauki hannuna ina gwada koyil ko ina bin waya da mita. Ba a jima ba wani abokin sana'a ya turo mini bidiyona daga Tamale, yana cewa in kalla zan ƙaru. Ya bi hannu ya bi hannu har an manta mai shi. Telegram na da hanyar hana turawa da adanawa, kuma zaurensa na ɗaukar mutum har 200,000, sai na ce mu koma can. Mutanenmu ba su bi ni ba. Wani ya ce wayarsa ta cika, wani ya ce bai gane kanta ba. Ko da sun bi ma, mai son kwafa waya ta biyu kawai zai ɗora a kan ta farko ya ɗauka. Daga nan na daina tsaron bidiyo. Yanzu a farkon kowane ɗaya ina faɗin sunan zauren da bakina, duk inda ya je ya yi mini talla.

Abin da mutane ke biya, na lura, amsa ce a kan motar da ke gabansu a wannan sa'ar. Wannan ba a iya tura wa wani, don motar wani ba taka ba ce.

Wata rana wani yaro daga Tafo ya saka hoton na'urarsa, Corolla ce, lamba P0171. Ma'anarta iska ta fi mai yawa a abin da injin ke sha. Muryarsa ƙasa-ƙasa, da alama ya ɓuya bayan gareji ne.

"Masta, maigidana ya ce in je in sayo sensar salansa. Mai motar ya riga ya ba da kuɗi."

Na ce, "Tsaya tukuna, ƙanena. Bar injin yana aiki a tsaye, ka duba adadin man da kwamfuta ke ƙarawa. Sannan ka taka totur juyin injin ya kai 2,500 a minti, ka sake dubawa."

Ya dawo ya ce a tsaye adadin yana sama, da ya taka sai ya sauka. To wannan alamar iska ce ke satar hanya. Kafin in sake magana, wani tsohon hannu da ke cikin zauren, wanda ya fi ni shekaru a sana'a, ya ce masa ya lanƙwasa babbar robar iska da ke bayan sensar iska ya leƙa ƙarƙashinta. A tsage take, a cikin lanƙwasar da ido ba ya kaiwa. Duka abin bai kai rabin awa ba, kuma ba a sayi sensar da lafiyarta ƙalau ba. Yaron nan bai taɓa makarar biya ba tun ranar, har ya jawo abokansa.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da ka karɓi kuɗin mutum, wayarka ta daina zama taka. Ana kira ana cikin sallar asuba, ana kira kana ƙarƙashin mota hannu duk baƙin mai. Sai da na sa doka: ana amsa tambaya daga ƙarfe takwas na safe zuwa magariba, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Kowace tambaya ta zo da sunan mota, shekararta, lambar da ta fito, da abin da aka riga aka taɓa. "Motata ba ta tashi" ba tambaya ba ce. Na kuma ɗauko ƙwararru uku, ɗaya na giya, ɗaya na dizal, ɗaya na na'urar sanyaya mota. Ba sa biyan komai, kuma duk ƙarshen wata ina ba su kasonsu. Wasu masu zaure na ganin wannan asara ce. Ni a wurina zauren da mutum ɗaya ke amsawa yana mutuwa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi.

Akwai abin da ya fi kuɗi wuyar sha'ani, wato girma. A Magazin masta masta ne. Mutumin da ya yaye yara ashirin ba zai buɗe baki a gaban yaran wasu ya ce bai san abin da P0420 ke nufi ba. Na ga manya suna biya wata da watanni ba su ce uffan ba, sannan su fita shiru. Da na bi ɗaya har garejinsa, ya ja ni gefe.

"Ɗana, yarona na cikin zauren nan. Ta yaya zan yi tambaya yana ji?"

Na ce, "Baba, turo mini ni kaɗai. Zan saka ta da muryata, ba mai sanin daga inda ta fito."

Tun daga nan kusan kowace rana akwai tambayar da nake farawa da "wani ɗan'uwa ya ce". Mafi daɗin tambayoyin ma daga nan suke fitowa, don manya ba sa kawo ƙaramar matsala. Kuma su ne masu biyan wata uku a dunƙule.

Batun farashi, sidi 30 na sa a wata da farko. Bakanike ba mai albashi ba ne, yau a samu gobe a rasa, ƙarshen wata ba ya nufin komai a wurinsa. Sai na ɗauki tsarin masu susu da ke zagaya kasuwa suna karɓa kaɗan-kaɗan: mai so ya biya sidi 10 duk mako. In ka lissafa ya fi na wata tsada, amma shi yara suka fi zaɓa, don ba ya ciwo. Wahalarsa a kaina take, rubutu ya ninka. Wani ƙanena ne ke riƙe da littafi, yana cire wanda kwanansa ya ƙare bayan an yi masa uzurin kwana uku. Cirewar nan ba ta da daɗi, musamman in wanda za a cire kuna sahu ɗaya a masallaci. Shi ya sa ba ni nake yi ba. In an tare ni sai in ce littafi ne, kuma gaskiya ne.

Da MoMo ake biya, wato tura kuɗi ta waya, kusan kowa. Manhajojin Turawa na karɓar kuɗin mambobi katin banki suke nema, namu kuwa *170# na MoMo suka sani. Hoton shaidar biya ba ma karɓa, don an sha turo mana na jabu, har da saƙon da aka tsara kamar daga kamfani ya fito. Sai mun ga kuɗi a asusu. Dole kuma mai biya ya rubuta sunan da yake amfani da shi a zaure, saboda rabin mutane da layin matansu ko na wakilin bakin titi suke turowa.

Shekarar 2022 ce ta gwada mu. A watan Mayu gwamnati ta fara cire harajin E-Levy, kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin da aka tura ta waya. Sidi 100 na farko a kowace rana ba a taɓa shi, ke nan kuɗin zaurenmu bai ma kai inda harajin ke farawa ba. Amma wa zai tsaya jin wannan? Mutane suka tsorata da MoMo gaba ɗaya, wasu suka riƙa hawo pragya, keken haya mai ƙafa uku, har gareji su miƙo mini kuɗi a hannu, kuɗin motar ya fi harajin da suke gudu. An rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. A wannan shekarar ta 2022 ɗin dai sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a Disamba. Sabunta manhajar babbar na'urata da kuɗin shafukan zanen wayoyin mota duk da dala nake biya. Dole na ƙara kuɗi. Na sanar wata guda kafin lokaci, na faɗi dalili dalla-dalla, na bar tsofaffin mambobi a tsohon farashi na ɗan lokaci. Wasu sun fita, akasarinsu waɗanda dama ba sa tambaya ba sa amsawa.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ana cikin azumi, aka yi kwanaki saƙon murya ba ya tafiya. Ban jira an yi ƙorafi ba, na ƙara wa kowa mako guda. Watan azumi da gabanin babbar salla dama biya na ja baya, kuɗi ya tafi cefane da rago. Yanzu nakan bar mutum ya dakatar da nasa ya dawo bayan salla ba tare da an cire shi ba.

Kuɗin mako ba shi ne ya fi kawo riba ba. Ribar tana cikin abin da ke biyo baya. Lokaci-lokaci ina shirya horo na ido da ido ranar Lahadi, mota a gaba, mita a hannu, kuma 'yan zaure ne ke cike gurbin tun kafin in sanar a waje. Muna haɗa kuɗi mu yi odar na'urori a dunƙule, ina ɗora ɗan abu a kai, kowa ya san nawa ne. Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin waya, wanda ake jawo motar har wurina.

Masu sayar da kayan gyara sun fara zuwa da zaure ya yi suna. Ɗaya ya yi mini tayin kuɗi mai kauri duk wata, da sharaɗin in riƙa tura mutane shagonsa. Na ƙi. Rabin aikinmu a zauren nan hana mutane sayen abin da ba ya buƙatar canji ne, shi kuwa cinikinsa a canjin yake. Abin da na yarda da shi ranar Asabar ce: duk mai kaya ya biya kuɗin talla ya saka hajarsa da farashi, mambobi kuma suna da damar faɗin yadda suka ji da kayansa a fili. Wasu 'yan kasuwar ba su sake dawowa ba bayan Asabar ɗin farko.

WhatsApp ya faɗaɗa zaure zuwa mutum 1,024 tun ƙarshen 2022, amma ban bar namu ya doshi can ba. In mutane suka wuce ɗari biyu da wani abu, tambayoyi na hawa kan juna, amsa ta fara jinkiri, kuma jinkirin nan ne ke korar mai biya. Na raba shi gida biyu, na fetur da na dizal, kowanne da mai kula da shi.

Abin da ke gabana yanzu 'yan waje ne. Saboda da Hausa muke yi, ana nema daga Yamai da Lome da Kano, kuma MoMo ɗinmu ba ya isa wurin yawancinsu kai tsaye. Na Yamai ta hannun direbobin motocin albasa suke aiko da sefa, wani lokaci kuɗin wata uku a ƙulle cikin leda, da sunan mutum a rubuce da ajami. Na Lome akwai ɗan'uwa a Aflao, bakin iyakar Togo, da ke karɓa ya turo. Na Kano kuwa har yanzu muna neman amintaccen da zai riƙa tara naira a can, mu riƙa lissafi da shi duk ƙarshen wata.