Alfadaran Fas

Duk wanda ya je ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas na ƙasar Maroko ya san mota ba ta shiga tsohon garin. Lungunan sun matse, ga hawa ga gangara. Tukunyar gas, buhunan siminti, fatun da ake kai wa majema, duk a bayan jakuna da alfadarai suke tafiya.

Na ga wani alfadari ɗauke da kaya ya iso wata matattakala da aka zubar wa ruwa, ya toge. Mai shi bai ɗaga sanda ba. Ya bar shi ya sunkuyar da kai, ya shinshina, ya gwada kofato ɗaya, sannan ya sauko a hankali. Wannan ne mutane ke kira taurin kai. Ni dai lissafi na gani. Doki in ya firgita sai ya zabura, ko da rami ne a gabansa. Alfadari kuwa tsayawa yake yi, kuma da wuya ka tilasta masa taka inda bai aminta ba.

Ubansa jaki, uwarsa goɗiya. Ya ɗauko juriyar wancan da ƙarfin wannan, amma da wuya ya haihu: doki na da ƙwayoyin gado na kuromosom 64, jaki 62, shi ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai.

Sai dai akwai riƙo. Masu aiki da shi sun ce ba ya manta wanda ya zalunce shi, kuma harbinsa har gefe yana kaiwa. In kun je, ku raɓe jikin bango ku ba shi hanya.